Gaisuwar da Ba a Yi wa Barakatu Ba

Duk wanda ya ɗebi yashi a kogin Wudil a shekarun da kuɗin mai suka shigo ya san rumfar Barakatu. Tana nan gangaren gada, inda tifofi ke juyawa su ba kogi baya. Rumfar kara ce da benci biyu da tukwane uku: shinkafa da wake, tuwon dawa, sai miyar kifi ranar da masunta suka yi sa'a. Ita kuwa mai rumfar doguwa ce siririya, ba ta da yawan magana, ba ta kuma iya dariyar ciniki ba. Direbobi suna ce mata Hajiya don zolaya, matar da ko filin jirgin Kano ba ta taɓa gani ba. Ba ta taɓa tanka musu ba, sai dai ta zuba wa mutum abincinsa ta koma bakin murhu.

Abu ɗaya ne ya tsaya mata a rai, kuma duk ƙauyensu Dagumawa an san shi. Ubanta da uwarta da ƙanenta sun mutu tun tana 'yar shekara takwas, amma har ta yi aure ta haihu babu mahalukin da ya taɓa zuwa ya ce mata ya haƙuri.

Ubanta Labaran mutumin Dagumawa ne. A karar Wudil ya koyi harkar shanu, tun yana riƙe igiya har ya kai ga tsayawa ciniki da kansa. Daga nan ya fara bin taragon shanu zuwa Gabas, har ya samu wuri ya zauna a wani gari da ke kan layin Fatakwal, inda ake sauke dabbobi. Ya zo gida ya ɗauki matarsa Lubabatu suka tafi. A can aka haifi Barakatu, a can aka haifi ƙanenta Hadi. Cikin gida Hausa take yi, idan ta fita wasa kuma ta juya harshen Ibo kamar 'yar gari. Shekara-shekara Labaran kan zo ganin gida, ya yi mako biyu ya koma.

A ƙarshen daminar 1966 ƙasa ta birkice. A nan Kano da sauran garuruwan Arewa aka karkashe mutanen Gabas ba adadi. Wannan ba abin ɓoyewa ba ne, manyanmu sun gani da idonsu. Da jiragen ƙasa suka fara isa can da masu rauni da labarin abin da aka yi, sai aka juya kan duk ɗan Arewan da hannu ya kai gare shi. Mai sayar da shanu da bai san hawa ba bai san sauka ba, shi aka tarar a gida.

Da hantsi suka zo. Barakatu tana bayan gida tana wanke-wanke, ta ga komai ta tsagar langa-langar da aka kewaye tsakar gidan da ita. Aka sare Labaran a bakin ƙofa. Hadi, ɗan shekara huɗu, ya ruga wajen uban, aka haɗa da shi. Sannan aka shiga ɗakin da Lubabatu take. Ba a daɗe a ciki ba.

Maƙwabciyarsu, wata 'yar Ibo mai toya garin rogo, ita ta miƙo hannu ta fizgo yarinyar zuwa nata gidan. Ta cire mata kallabi da 'yan kunne, ta ɗaura mata tsohon zanen 'yarta, ta zaunar da ita cikin nata 'ya'yan, ta miƙa mata wuƙa da kwandon rogo. Ta ce ko sunanta aka tambaya kada ta buɗe baki. Kwana uku Barakatu tana ferar rogo, masu neman waɗanda suka rage suna shiga suna fita ta gabanta. Matar nan kuwa tana da ƙane a Sabon Garin Kano da ba ta ji ɗuriyarsa ba, kuma ba ta fasa ba. A rana ta huɗu ta ja yarinyar zuwa tasha, inda aka tara 'yan Arewa ana gadinsu, ta damƙa ta a hannun wani Maikano, mai rakiyar shanu ɗan Wudil da ya san Labaran a kara. Barakatu ba ta san sunan matar ba. Mama take ce mata, yadda ta ji yaran gidan suna faɗa.

Maikano ya kawo ta har Dagumawa. Ya ja Haladu, ƙanen Labaran, zuwa gindin tsamiya, ya faɗa masa abin da ya ji a tasha daga bakin waɗanda suka tsira: Labaran da matarsa da ɗansa, babu ko ɗaya. Ya yi sallama ya tafi neman nasa gidan.

To, mu nan ba ma jefa wa tsoho labarin mutuwa a fuska. Hawa-hawa ake kai shi. Yau a ce ana tafe. Gobe idan ya tambaya, a ce an ji ba shi da lafiya. Jibi idan ya sake tambaya, a ce jiki ya tsananta. Kafin a kai ga cewa sai haƙuri, zuciya ta riga ta shirya. Dabara ce mai kyau, ta ceci tsofaffi da yawa. Amma kowane mataki sai an tambaye ka kake taka shi.

Mahaifiyar Labaran da Haladu, Iya Murja, tana kwance a lokacin da ciwon ƙirji. Haladu ya riƙo hannun yarinyar ya durƙusa a bakin ƙofarta.

"Iya, ga Barakatu. Ita aka fara turowa, su suna tafe."

Tsohuwa ta dubi jikarta tun daga kai har ƙafa. Ta ce, "To. A dama mata fura."

Haladu ya ja Barakatu bayan rumbu ya kama kunnenta. "Kul! Kada ki faɗa wa kowa komai, kin ji ko? Kwana uku kawai. Ni zan faɗa mata da kaina."

Washegari ya zo gaishe ta da amsarsa a baki. Iya ta tambaye shi akuyarta da ta kusa haihuwa. Kashegari ta tambaye shi ko an gama tuge gyaɗa. Rana ta uku ta ce a nemo mata kanwa. Maganar Gabas kuwa, ko da wasa.

Labaran ɗanta ne na fari. Iya Murja jinin Fulani ce, irin waɗanda kunyar ɗan fari ta zame musu kamar ibada. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba. Idan ya dawo daga tafiya ya durƙusa gaishe ta, bango take kallo tana amsawa. In ta kama dole ta ambace shi sai ta ce wancan. Haladu ya san wannan sarai, ai a gidan ya tashi. Amma ya ɗauka abu irin wannan ya fi ƙarfin kunya, dole uwa ta kasa daurewa ta tambaya. Bai san uwarsa ba ke nan.

Mako ya wuce, wata ya wuce, ranar da ya kamata a yi sadakar arba'in ta zo ta wuce. Malam Ya'u, limamin unguwa, ya ce wa Haladu ya je ya faɗa mata kawai a huta. Haladu ya je bakin ƙofa, ya yi gyaran murya, ya tambaye ta ya ƙarfin jiki, ya fito. Da abin ya kai shekara sai ya zama nauyi a kansa shi ma: da wane ido zai ce ya sani tun bara? Aka yi yaƙi aka gama, waɗanda suka ɓuya a wasu wurare suka dawo gidajensu. Iya ba ta ce uffan ba. Mutanen gari suka yanke hukunci da kansu, suka ce tsohuwa tana jiran ɗanta ne, jiran nan shi ke riƙe da ita, duk wanda ya faɗa mata shi ya kashe ta.

Gaisuwar mutuwa kuma ba a yin ta a ɓoye. Sai gida ya shimfiɗa tabarma a ƙofa, sannan gari ya zo. Tunda gidan Iya bai shimfiɗa ba, Labaran yana tafiya ne, Lubabatu tana tafiya, Hadi yana tafiya. Mata sukan tare Barakatu a hanyar rijiya su danna mata gyaɗa a hannu, su yi ajiyar zuciya, su wuce ba su ce komai ba. Ba a kira ta marainiya ba ko sau ɗaya. Akwai wata sa'arta da jaki ya harbi ubanta ya mutu. Barakatu ta bi Iya zuwa gidan, ta ga yarinyar zaune a tsakiyar mata, kowa ya shigo ya dafa kanta ya yi wa ubanta addu'a da sunansa, kwana bakwai cur. Hassada ta yi mata, wallahi. Ta koma gida tana jin haushin yarinyar da jaki ya kashe wa uba.

Haka ta girma a ɗakin Iya, su biyu, suna cin tuwo a kwano ɗaya, kowacce tana kallon kwanon.

Tana da shekara goma sha bakwai ta auri Gwadabe, wani mai haƙar yashi, mutum mai fara'a da surutu kamar an kunna shi. Ita ta ce shi take so, kowa ya yi mamaki. Lokacin Kano ta haukace da gini, kowa da ya samu 'yan kuɗi sai bulo da siminti, yashin kogin Wudil kuwa ya zama abin nema. Tifofi suka riƙa yin layi tun daga gada. Gwadabe ya ga masu lodi suna cin rogo da ƙuli da rana tsaka, ya kafa wa matarsa rumfa a jikin gidansu. Masu cewa bai kamata ba suka faɗa suka gaji. Wajen ɗaurin aurensu Haladu ya tsaya waliyyi, aka sanar cewa a madadin yayansa ne da ba ya gari. Da ta haihu ta je gida wankan jego, wata tsohuwa ta ɗauki jaririn ta ce, don dai Iya ta ji, "Kai, ranar da Lubabatu ta dawo ta ga wannan!" Barakatu ta karɓe ɗanta ta juya ta ba ta baya.

Sau biyu ta sami Haladu da maganar. Na farko ya ce a bari azumi ya wuce. Na biyu ya ce a bari a yi girbi.

A ranin 1979, wata Laraba da azahar, wani direba Isyaku ya shigo rumfar da sabuwar rediyonsa mai cin kaset, ya ɗora ta a kan benci don kowa ya gani. Ana cin abinci ana labarin duniya. Mai karantawa ya zo kan wata ƙasa wai ita Kambodiya, can gabas da Indiya. Ya ce masu mulkin ƙasar sun kori mutane daga birane zuwa gonaki, sun kashe na kashewa, yunwa ta ƙarasa saura. Yanzu da aka kori masu mulkin ana ta tono ramuka cike da ƙasusuwa. Ya ce ana tsintar yara a kan hanya su kaɗai, yaro ya ce shi ɗaya ya rage a gidansu.

"Tabɗi!" in ji wani ɗan lodi. "Su da ƙasarsu?"

"Su da ƙasarsu," in ji Isyaku. "Kuma jiya na ji an ce har da Musulmi a ciki, da yawa. Babu wanka, babu sallah, haka aka zuba su."

Wani dattijo cikin direbobin ya ajiye cokali. "To ai sai mu yi musu addu'a, tunda ba su da mai yi."

Maza takwas suka ɗaga hannu a rumfar Barakatu, da maiƙon miya a yatsunsu, suka roƙa wa mutanen da ba su san sunan ko ɗaya ba gafara. Suka shafa, suka koma kan shinkafarsu.

Barakatu tana tsaye da ludayi a hannu. Ba tausayi ne ya fara zo mata ba, fushi ne. Mutanen ƙarshen duniya sun samu fatiha a rumfarta, a kan bencinta, ubanta kuwa da aka haifa nan kusa, shekara goma sha uku ke nan yana tafiya. Ta rufe tukwane, ta goya ɗanta, ta ce duk mai son ƙari ya zuba da kansa. Gwadabe ya hango ta daga cikin kogi ya ƙwala mata kira, ba ta waiwaya ba.

Ta tarar da Haladu a ƙofar gidan Iya yana saƙar zana. Ta durƙusa ta gaishe shi yadda ya kamata, ta tambayi iyali da gona da gajiya, sannan ta ce, "Baffa, yau zan faɗa mata."

Ya san abin da take nufi. "Haba Barakatu. Ki bari zafin nan ya sauka mana. Ba ki ga yadda ta koma ba?"

"Kwana uku ka ce mini, Baffa."

"In ta faɗi ta mutu fa?"

"Sai a shimfiɗa tabarmar gaba ɗaya."

Magana ce marar daɗi, bai kamata 'ya ta faɗa wa baffanta ba. Haladu ya sunkuyar da kai yana jan karan zana, bai hana ta shiga ba.

Iya tana zaune a inuwar ɗakinta tana ɓarar gyaɗa, ta rame, idanun sun yi fari-fari. Suka gaisa. Ta tambayi Gwadabe, ta tambayi ciniki, ta taɓa ƙafar yaron ta ce bai yi ƙiba ba. Barakatu ta shirya a hanya cewa za ta bi ta hawa-hawa, amma da ta buɗe baki sai abin ya fito yadda yake.

"Iya, Baba ya rasu. Inna ta rasu. Hadi ya rasu. Kashe su aka yi ina gani, tun shekarar da aka kawo ni."

Hannun tsohuwa ya tsaya a cikin kwarya. Ta yi salati a hankali, ta ja innalillahi har ƙarshe. Ba ta faɗi ba, ba ta suma ba. Ta ce, "Kin daɗe, 'yar nan."

"Iya?"

"An shigo mini da yarinya da zanen wasu, kunne ba 'yan kunne, ko ƙullin kaya babu, a ce mini wai suna tafe. Ni yarinya ce? Tun a bakin ƙofa na gane."

"To me ya hana ki tambaya?"

"Da wane bakin? Ni in buɗe baki in ce ina wancan? Ai sai dai a faɗa mini." Ta ture kwaryar gefe. "Kullum Haladu ya zo ya tsaya nan ya yi gyaran murya, in ce yau ne, in gyara zama. Sai ya tambaye ni ƙarfin jiki."

Barakatu ta rasa wanda za ta ji haushi, tsohuwar ko baffan ko garin duka. Shekara goma sha uku kowa yana lallaɓa kowa, ita ce a tsakiya da bakinta a rufe. Ta ji kamar ta tashi ta fita.

"Matso nan," in ji Iya. Ta lalubo kanta ta dafa, kamar yadda ake yi wa ƙaramar yarinya. "Ya haƙuri, Barakatu? Allah ya jiƙansu. Allah ya sa sun huta."

Amsar ba ta da wuya, ko yaro ya san ta. Barakatu ta kasa. Ta kifa kanta a cinyar tsohuwar tana kuka, yaron da ke bayanta ya tsorata shi ma ya kama. Iya ta ɗaga murya, muryar da aka daɗe ba a ji ba a gidan. "Haladu! Na san kana nan. A fito da tabarmi."

Washegari da safe ƙofar gidan ta cika. Dagumawa ta zo, aka zo daga Ɗankaza, dangin Lubabatu suka zo, su da suka yi shekaru suna nasu kukan a ɓoye don kada ya kai kunnen Iya. Maikano ya zo da sanda, ya tsufa. Gwadabe ya taho da direbobi, tifofi biyar suka jeru a bakin hanya babu lodi. A cikin gida Barakatu ta zauna kusa da Iya, mata suna shigowa ɗaya bayan ɗaya suna durƙusawa. Ya haƙuri, ya haƙuri. Tana cewa da godiya har muryarta ta dushe. A tsakar gida ana dakan gumbar sadaka.

Da za a yi addu'a Malam Ya'u ya aiko Haladu ya tabbatar da sunaye. Haladu ya tsaya daga bakin ƙofa, bai iya haɗa ido da kowa ba.

"Malam ya ce mutum uku ne ko? Yaya, da Lubabatu, da Hadi."

"Huɗu ne," in ji Barakatu.

Masu daka suka tsaya.

"Inna jego take yi. Kwananta biyar da haihuwa, mace ta haifa. Tana ɗakin tare da ita."

Babu wanda ya san wannan a Dagumawa, domin babu wanda ya taɓa tambayar yarinyar abin da ta gani. Haladu ya dafa bango. Da ƙyar ya ce, "To ai ba a yi suna ba. Me zan ce wa Malam?"

"Ba a yi ba, amma Baba ya yi mata huɗuba ranar da aka haife ta. Ina zaune kusa da shi, na ji abin da ya raɗa mata a kunne." Ta juya wajen tsohuwar. "Murjanatu ya sa mata, Iya."

Iya ta ja mayafinta ta rufe fuska. Sannan ta yi magana daga cikin mayafin.

"Geron nan na mutum uku aka auna. A ƙaro."